Ledar da aka ce ƙasa na cinyewa: wata biyar na binne ta, na tono ta daram

Maman Khairat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon waɗanda suka san abin su yi min bayani tsakani da Allah. Sana'ata dambun nama da cincin da alkaki, nan Kano nake, ina aikawa har Kaduna da Abuja. Bara gab da Babbar Sallah, tunkiyar da na shekara biyu ina kiwo ta daina cin abinci, cikinta ya kumbura, ita kuma tana ta ramewa. Muka yanka ta kafin ta mutu. Da aka farke tumbin, abin da aka ciro ya kusa cika bokitin fenti: baƙar leda, ledar fiya wata, har da igiyar buhu, duk sun murɗe sun zama curi ɗaya. Tun daga ranar nake jin nauyin abin a raina, don ni ma kullum a leda nake ƙulla wa mutane kaya.

Ana nan sai wani mai kawo mana kaya ya tallata min wata leda mai hoton koren ganye. Ya ce daga tsiro aka yi ta, in an yar ƙasa ce ke cinye ta. Kuɗinta ya ninka na wadda na saba saye, na daure na saya. Farkon damina na ɗauki guda biyu na binne a gindin zogalen tsakar gidanmu, inda ruwan wanke-wanke ke kwanciya. Jiya na tono, wata biyar ke nan. Ɗaya tana nan daram, har rubutun jikinta ana karantawa. Ɗayar kuma rabinta ya fito waje rana ta yi ta dukansa, wannan rabin in ka taɓa sai ya marmashe kamar busasshen ganye, amma in ka duba marmashin da kyau roba ce. Shin damfarata aka yi, ko ni ce ban gane yadda abin yake ba?

Ɗan Fawa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Abin da kika gani a cikin tunkiyarki mu kusan kullum sai mun gan shi a abbatuwa, musamman dabbar cikin gari da ake saki ta yi kiwon bola. Da rani ya fi yawa, lokacin da babu ciyawa. Ledar da aka ƙulla alale ko awara ko mai da yaji, ƙamshin da gishirin ne ke jan akuya ta haɗiye har ledar. Ba ta narkewa, ba ta fita. Sai ta tokare tumbi, dabba ta ji kamar ta ƙoshi alhali yunwa ke cin ta. Tun a kara muke laluben cikin dabba ta gefen hagu, in mun ji tauri sai mu rage kuɗi.

Abu Sadik:
Hajiya, don Allah duba jikin ledar. Me aka rubuta a ƙasan hoton ganyen? Akwai wata lamba?

Maman Khairat:
Akwai wata kalma "oxo" a gaba, sai doguwar kalmar Turanci ta biyo bayanta. A ƙasa kuma alamar kibau uku da lamba 2 a tsakiya.

Abu Sadik:
To gaskiya ba abin da aka faɗa miki aka sayar miki ba, wataƙila shi ma mai kawo kayan haka aka gaya masa. Shekarata goma sha ɗaya ina aiki a wata masana'antar roba a nan Kano. Lamba 2 ɗin nan tana nufin ledar da muka sani ce, wadda ake yi daga man fetur da iskar gas. Babu tsiro a cikinta. Abin da aka ƙara mata ɗan gishirin ƙarfe ne, irin su manganis, wanda ke sa rana da iska su farfasa ta da wuri. Shi ya sa rabin da ya sha rana ya marmashe, wanda ke cikin ƙasa kuma bai motsa ba. Marmashin nan ba taki ya zama ba, roba ce ta koma ƙanana. Gara ma ledar tana ɗungurungum, aƙalla mai shara zai iya tsince ta. In ta zama gari wa zai tsince? Tarayyar Turai ta haramta wannan nau'in tun watan Yuli na 2021 saboda wannan dalilin.

Maman Khairat:
Innalillahi. Wato gudun gara na yi na faɗa gidan zago.

Ɗalibin Kimiyya:
Anti ki yi haƙuri, amma don Allah kar wannan ya sa a yi wa robar tsiro kuɗin goro. Ta gaskiyar tana nan. A tsibirin Bali na Indonisiya akwai kamfanin Avani da ke yin leda da garin rogo. Mai kamfanin, Kevin Kumala, ya yagi ledar ya jefa a ruwan ɗumi ta narke, ya ɗaga kofin ya shanye a gaban kyamara. Mu kuwa Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, wajen tan miliyan 60 a shekara. Ni burina in na gama makaranta wannan harkar zan shiga. Me zai hana mu?

Abu Sadik:
Ƙanina, Allah ya cika buri, kuma ban ce babu ta gaskiya ba. Amma bari in warware wani ƙulli da ke rikita mutane, don shi 'yan talla ke fakewa da shi. Tambaya biyu ce ake cusawa cikin kalma ɗaya. Da me aka yi robar? Sannan in an yar da ita, ina take ƙarewa? Amsar ta farko ba ta ba ka amsar ta biyu.

Ɗauki Burazil. Kamfanin Braskem tun 2010 yake yin leda daga rake, a garin Triunfo. Ana matse raken, a yi barasar itanol da ruwansa, daga nan a fitar da sinadarin da ake harhaɗa leda da shi. Abin da ke fitowa a ƙarshe, ko a ɗakin gwaji ka sa shi kusa da ledar fetur halinsu ɗaya. Akuya ta haɗiye ta, haka za ta tokare mata tumbi. Ta faɗa lambatu, haka za ta toshe shi. Gorar da Coca-Cola ta fito da ita a 2009 mai suna PlantBottle ma haka take, kusan kashi 30 cikin 100 daga tsiro, amma ba ta ruɓewa ko kaɗan. Ribar irin wannan tana can wajen hayaƙi, tunda raken ya zuƙi iskar kabon yana girma kafin a mayar da shi roba. Bolarmu kam ba ta amfana da komai.

Akwai kuma wadda daga fetur ake yin ta amma tana ruɓewa, sunanta PBAT. Yawancin ledojin nan masu laushi da ake cewa na rogo ne ko na masara, in ka bincika garin sitaci ne aka cakuɗa da ita, don sitaci shi kaɗai ba ya da juriya.

Sai wadda ta fi yawa a kofuna da cokula da kwanon tekawe, PLA. Ita daga tsiro take, kuma tana ruɓewa, amma da sharaɗi. Ana samo suga daga masara ko rake, a ba ƙwayoyin halitta su mai da shi tsami, irin tsamin nan na kindirmo, sannan a sarƙa shi ya zama roba. NatureWorks na yin ta da masara a jihar Nebraska ta Amurka, akwai wata masana'antar a Rayong ta Tailan da ke yi da rake. Sharaɗin shi ne zafi. Ma'aunin Turai da ake ba ta shaida da shi, EN 13432, gwajinsa a zafin digiri 58 ake yi, da laima da iska, a wurin da aka gina musamman don yin taki. A nan ne ake so ta farfashe cikin mako 12, kashi 90 cikin 100 ya ruɓe cikin wata 6. Ka jefa wannan kofin a kududdufi ko gindin zogalen Hajiya, zai yi shekaru yana nan.

Malama Hauwa:
Injiniya Abu Sadik ya yi gaskiya, kuma gwajin da Maman Khairat ta yi a tsakar gida, masana sun yi irinsa. A jami'ar Plymouth ta Ingila, Imogen Napper da Farfesa Richard Thompson sun ɗauki ledoji iri-iri, wasu suka binne, wasu suka nutsar a teku, wasu suka rataye a fili. Sakamakon ya fito a 2019. Bayan shekara 3, ledojin da aka rubuta wa cewa suna ruɓewa, aka tono su aka zuba musu kayan cefane suka ɗauka ba su yage ba. Wadda aka yi don taki ta ɓace a ruwan teku cikin wata 3, amma a cikin ƙasa bayan wata 27 tana nan, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyi. Ina karanta wa ɗalibaina wannan duk shekara. Hajiya, hannunki ya gano abin da jami'a ta gano.

Mai Sikeli:
Ku bari in sa baki, don ni abincina a nan yake. Jari bola nake saye. Yara su kawo gorar ruwa da ta lemo, in auna, mu cire murfi, mu niƙa, mu wanke, masu yin zare da sabuwar gora su saya. Gorar ruwa lamba 1 ce a gindinta. Ita wannan PLA lamba 7 ake sa mata, amma a ido sak suke, garau kamar gilas. Yaron da ya wuni a rana yana tsinta ba zai tsaya juya gindin kowace gora ba. Matsalar kuma a tukunya take: lamba 1 sai wajen digiri 250 take narkewa, waccan tun kafin a kai nan ta narke ta ƙone, ta ɓata kalar kayan ta rage musu ƙarfi. In ta yawaita a cikin kaya mai saye zai dawo min da su ko ya karya farashi, ni kuma in karya wa yara. Gorar ruwa ita ce robar da aka fi kwashewa daga titi yanzu, saboda tana da kuɗi. Don Allah kar a zo a ɓata abin da ke tafiya.

Ɗalibin Kimiyya:
Kawu, amma nawa ne ake sake sarrafawar? A duniya gaba ɗaya kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai. Sauran ana ƙonawa, ana binnewa, ko yana yawo. Baƙar ledar nan shara-shara kuna saye?

Mai Sikeli:
Wannan kam ba ma saye, ba ta da nauyi. Sai yaro ya cika buhu bai haɗa abin kirki a sikeli ba, ga datti. Ledar fiya wata muna karɓa in an tara da yawa. Baƙar leda kuwa ko kyauta ba mai so. A kanta ba ni da ja, in za a kawo abin da zai maye ta a kawo.

Ɗan Zango a Milano:
Salamu alaikum jama'a. Ni mutumin Kumasi ne, shekarata tara a Italiya. Zan faɗi abin da nake gani da idona, don a nan robar tsiro na aiki, kuma na san dalilin da ya sa take aiki. Tun 2011 aka hana shaguna ba da ledar cefane ta fetur. Wadda ake ba mu mai laushi ce, tana da wani ɗan wari, tana saurin yagewa in ka sa abu mai tsini, in ka ajiye ta ta daɗe a kicin da kanta take saki. Kamfaninsu Novamont ne ya yi suna da ita. To amma ga inda dabarar take: wannan ledar da ka kawo cefane a ciki, ita ce za ka shimfiɗa a ɗan bokitin kicin kana zuba ɓawon dankali, ragowar taliya, ƙashin kifi. Ta cika ka ƙulle ka kai bola mai ruwan ƙasa da ke ƙasan bene. Tun wajen 2012 birnin Milano ya fara bin gida gida yana kwashe wannan sharar daban, sau biyu a mako. Ana kai ta masana'anta, a fitar da gas, ragowar ya zama taki, ledar ta tafi tare da abincin. In aka samu ledar fetur a bolar, ginin gaba ɗaya ake ci wa tara, don haka maƙwabcinka ma yana sa maka ido.

Kun ga ledar ba ita kaɗai ta zo ba. Da motarta ta zo, da ranar zuwan motar, da masana'antar, da tarar. In ka ɗauko ledar kaɗai ka kai unguwar Nima ta Accra ko Aboabo ta Kumasi ka bar sauran, ka ɗauko murfi ka bar tukunya. Ban manta ambaliyar Accra ta 3 ga Yuni 2015 ba, da wutar da ta tashi a gidan mai, mutum sama da 150 suka rasu. Magudanan ruwa a toshe suke da shara. Ledar da za ta ruɓe bayan wata shida ba ta hana kwalbati toshewa daren da aka yi ruwan.

Baffa Manomi:
Ɗana ne ke rubuta min, ni nake faɗa. Gonata tana wajen Gezawa. Maganar taki da wannan bawan Allah ya yi ita ta sa na ce sai na tofa. Ai mu ma muna da namu tsarin tun kaka da kakanni. Sharar birnin Kano ita ce takin gonakin kewaye. Da rani ake fita da ita a mangala a kan jaki, toka, kashin awaki, sharar tsakar gida, a jibge a gona tsibi-tsibi kafin ruwa ya sauka. Jakin ya koma birni da itace ko kara. Da haka ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba a hutar da ita ba. Yanzu tifa ke kawowa, amma in ta juye sai ka rantse leda ka saya. Kwana biyu muke yi da yara muna tsince ta, mu tara mu cinna wuta, hayaƙin ya hana mu numfashi. Wadda ta kuɓuce garma ta binne ta. Na sha tuge gero in ga saiwarsa ta bi ta kan leda ta lanƙwashe, ba ta sami hanyar sauka ba. Inda ta yi yawa ruwa ma ba ya shiga ƙasa yadda ya kamata.

To ni tambayata ga Injiniya. Ka ce zafi take so. Tsibin takin da nake tarawa a bayan gida, na shanu da awaki, in na jiƙa shi na rufe, da sanyin asuba har tururi yake yi, in ka tura hannu ciki ba za ka iya barinsa ba. Wannan zafin bai isa ba?

Abu Sadik:
Baffa, Allah ya ƙara girma. Wallahi tambayarka ta fi duk bayanin da na yi. Babban tsibin taki mai laima, tsakiyarsa kan kai digiri 55 zuwa sama da 60, wato ya shiga zafin da ake nema. Abin da ke kawo cikas shi ne gefe-gefen tsibin ba ya ɗaukar zafi haka, kuma zafin na sauka bayan 'yan makonni in ba a juya ba. Leda shara-shara ta sitaci mai shaidar gaskiya, ina kyautata zaton za ta tafi a irin tsibinka in ana juyawa ana yayyafa ruwa. Cokali ko kofin PLA mai kauri kuwa zai yi taurin kai. Ni a ganina in akwai inda robar tsiro za ta yi mana rana a ƙasar nan, to nan ne: ledar da ke biyo sharar gida zuwa gona, wadda ba mai saye, ba mai tsincewa. A ƙasar Sin ma inda ake shimfiɗa leda a gonakin auduga na yankin Shinjiyan don riƙe laima, ragowarta ta taru a ƙasa har ta zama damuwa, shi ya sa suke ta gwada mai ruɓewa a gona.

Hajiya Babba:
Ni abin da ke damuna daban ne. Kwanon masara nawa yake yau? Gari nawa? Mutane na kwana da yunwa, a ce za a ɗauki masara da rogo a yi ledar da za a yar bayan minti goma? Wannan ai almubazzaranci ne.

Ɗalibin Kimiyya:
Hajiya, ƙasar da ake nomawa don robar tsiro a duniya ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na ƙasar noma ba. Kuma ba dole sai da abinci ba. Ga ɓawon rogo da ake zubarwa a wuraren yin gari, ga tuƙar rake, ga ɓuntun shinkafa tuli a Kura.

Hajiya Babba:
Ɗana, ba ta kai ba ne saboda ba a yi da yawa ba tukuna. Kuma ɓawon rogo da ɓuntu da kake rainawa, dabbobi na ci, masu tuya na hura wuta da su. A ƙasar nan babu abin da ba shi da mai shi.

Abu Sadik:
Ku duka biyun kuna da gaskiya. Duniya na yin robar da ta haura tan miliyan 400 a shekara, ta tsiro ba ta kai kashi 1 cikin 100 ba. Kilo ɗaya na PLA kuwa yana cin masara fiye da kilo biyu. Ku lissafa in aka ce a maye ko da rabin wancan adadin. Sannan masarar sai da takin zamani, da maganin feshi, da ruwa, da man tarakta, duk waɗannan suna shiga lissafin illar. Ga tsada: ta fetur ta yi araha ne don ana yin ta tuli, matatar Dangote ma ta fara fitar da ƙwayar robar da ake saƙa buhu da ita. Mai rumfar da ke ba da leda kyauta kan tumatirin ɗari biyu ba zai sayi mai ninkin kuɗi ba sai an tilasta kowa tare.

Ɗan Damagaram:
Tilastawar ma sai an shirya mata. Mu nan Nijar tun 2014 aka yi dokar hana yi da shigo da ledar nan shara-shara. Ku zo kasuwar Dole ku gani, ko ku bi hanyar fita gari ku dubi itatuwan ƙaya, kowane reshe da baƙar leda tana kaɗawa. Ruwanda ta hana a 2008 kuma ta tsaya a kai, har a filin jirgi ake karɓe leda. Kenya ta bi a 2017 da tarar da ta kai shilin miliyan 4 ko ɗaurin shekara 4. Mu iyakarmu da ku doguwa ce, in ku ba ku daina yi ba, mu ba mu daina gani ba. Abin da nake tsoro shi ne a yi doka a ce an yarda da mai ruɓewa kaɗai, gobe kowace leda ta fito da hoton koren ganye, kamar wadda aka sayar wa Hajiya. Wa ke da ɗakin gwajin da zai tantance a bakin iyaka?

Malama Hauwa:
Legas ma ta hana farar robar tekawe a Janairun 2024, ta faɗaɗa dokar a Yulin 2025, amma ba ta taɓa ledar fiya wata da gorar ruwa ba. Kuma na fahimci dalili. Unguwarmu famfo ya fi shekara goma bai kawo ruwa ba. Fiya wata ita ce tsakanin yarana da amai da gudawa. Ledar rogon da ke narkewa a ruwan ɗumi ta yaya za ta riƙe ruwa a bayan mota a zafin Afrilu? Kamfanin Notpla na Landan ya yi wata 'yar jakar ruwa da ciyawar teku wadda ake haɗiyewa, an raba ta a gudun fanfalaki na Landan a 2019, amma ba ta jure ajiya da jigila irin tamu. Maganin ledar fiya wata ruwan famfo ne mai tsabta.

Wani abu kuma ga mu mata. Kar mu ɗauka tunda an ce daga tsiro take, to za a iya dafa alale a ciki ko a juye tuwo da zafinsa. A 2020 masu bincike a jami'ar Goethe ta Jamus sun gwada kayayyaki 43 na robar tsiro, suka samu akasarinsu na ɗauke da sinadarai masu cutarwa a gwajin ɗaki, kamar dai robar da aka saba. Ai ita ma sai an ƙara mata abin laushi da na launi. PLA kuma daga wajen digiri 60 take fara saki, koko mai zafi ma zai lanƙwasa kofin.

Hajiya Babba:
Mu da muka taso, alale a gwangwani ake yi ko a ganye. Daddawa a ganye, goro a huhu, fura a ƙwarya da faifai a kai. Cefane a kwando ko sanho, mai a kwalba. In za a aike ka sayen waina da kwanonka kake tafiya. Duk waɗannan ai daga tsiro suke, kuma akuya ta ci ganyen ta ƙaru. Ba na cewa a koma jiya gaba ɗaya, na san gari ya cika, kowa sauri yake. Amma kwano ɗaya a hannun yaro bai gagari kowa ba.

Ɗalibin Kimiyya:
Na ji, kuma na karɓi gyara a wurare da yawa. Amma ban janye ba. Akwai robar da ake kira PHA, wadda ƙwayoyin bakteriya ke tarawa a jikinsu kamar kitse. Wani Bafaranshe, Maurice Lemoigne, ya gano ta tun wajen 1926. Ita tana ruɓewa a ƙasa da ruwa ba sai an kai ta masana'anta ba. Tsada ce kawai ta riƙe ta. In kowa ya ce sai ta yi araha zai taɓa, ba ranar da za ta yi araha.

Abu Sadik:
Kar ka janye. Shawarata kawai, in za ka yi aikin kammala karatunka a kai, kar ka tsaya a nuna cewa ka yi leda da sitaci, ɗalibai da yawa sun yi wannan. Ka kai ta tsibin Baffa, ka kai ta lambatu, ka nemi likitan dabbobi ku gwada ta a ruwan tumbi da za ku samo wajen Ɗan Fawa. Wannan shi ne abin da ba mu da amsarsa a nan.

Ɗan Fawa:
Ruwan tumbi kam ko jarka nawa kake so. Ka zo da sassafe kafin ƙarfe takwas.

Maman Khairat:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Sauran bandir ɗin da ke hannuna ba zan ƙara ƙulla wa kowa kaya a ciki ba, kuma zan kira mai kawo kayan in karanta masa abin da Injiniya ya rubuta, don akwai mata huɗu a layinmu da suka saya. Masu saye na cikin unguwa zan fara ce musu su turo da mazubi, in rage musu wani abu. Cincin da alkaki zan gwada jakar takarda mai kauri. Dambun da ke tafiya Abuja ne ban san yadda zan yi da shi ba, don mai yana ratsa takarda, kuma in iska ta shiga ba ya daɗewa.

Mai Sikeli:
Hajiya ki sa shi a roba mai murfi mai kauri, lamba 5. Matan gida ba sa yar da ita, suna zuba yaji ko kuka a ciki. In ta fashe ma muna saye.

Baffa Manomi:
Ɗan Zango, in kana da mai zuwa gida, ka ba shi irin ledar taku guda goma, a kai wa yaron nan ɗalibi. Bayan girbi zan tara sabon tsibi. Mu sa biyar a tsakiya, biyar a gefe, ya riƙa zuwa duk ranar Juma'a muna juyawa tare yana rubutawa.

Ɗan Zango a Milano:
In sha Allah Baffa. Wani ɗan uwanmu zai sauka Kano ƙarshen wata. Zan haɗa da cokula biyu da kofi ɗaya na PLA, a sa su su ma a gani. Ɗalibi, turo min saƙo ta ciki mu yi magana.